Iya Mai Askar Mata

Ranar wata Laraba da hantsi, lokacin da gero ya fara fid da kai, Wanda ya ba mu aron Iya ya karɓi abarsa. Iya ita ce mahaifiyar mai gidana, matar marigayi Malam, wanda ya bar mana makarantar allon da ke zauren gidanmu a nan Dutse. Kafin azahar an kai ta makwancinta a gindin duwatsu. Maza suka dawo suka zauna a zaure suna karɓar gaisuwa, mu kuma mata muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida.

Mun zaci zaman makokin zai zama irin na kowace tsohuwa, wato dangi da maƙwabta da matan malamai. Sai ga mata suna ta sallama, waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wasu daga Limawa, wasu daga Kudai, wasu har sun kwana a hanya daga wajen Ringim. A rana ta biyu mai gidana ya sa aka kira ni bakin ƙofar zaure ta ciki, ya rage murya ya ce, "Waɗannan duk danginmu ne? Ni fa ko rabinsu ban sani ba."

Na ce, "Ba dangi ba ne. Mutanen Iya ne."

Wata tsohuwa makauniya ta zo, maƙwabciyarta tana riƙe mata da sanda. Ta ce a kai ta ɗakin Iya. Da aka kai ta, sai ta durƙusa tana shafa tabarmar da Iya take kwanciya a kai, ta daɗe a haka. Can ta ce, "Shekara bakwai ke nan da idona ya mutu. A cikinsu ban taɓa zama cikin mata ina matse hannuwana a jiki don kada a ji wani abu ba. Ita ce sila." Matan da ke kusa suka sunkuyar da kai, don kowacce ta gane abin da take nufi. Wata Bafillatana kuma ta sauke ƙwaryar nono a ƙofar ɗaki, ta zauna tun hantsi har la'asar. Da za ta tafi muka ce ta ɗauki ƙwaryarta, ta girgiza kai ta fita.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan da ɗan ajamin da na koya a gidanmu ke nan. A zaure an yabi Iya da yawan azumi da kyauta da haƙuri da baƙi, kuma duk gaskiya ne. Amma aikin da ya tara mata wannan jama'a ba irin wanda ake faɗa a zaure ba ne. Mata sun san shi, kunya ba ta barinsu su ambata, maza kuwa ba su sani ba. In muka yi shiru mu ma, nan da shekara kaɗan sai a ce wata tsohuwa ce mai kirki, shi ke nan.

Iya 'yar wanzamai ce, daga wani ƙauye kusa da Ringim. A gidajen wanzamai maza ne suke gadon zabira, jakar kayan aski, mata sai dai su gani da ido. Da aka kawo ta Dutse aure, a cikin kayan ɗakinta akwai wata 'yar aska mai ƙotar icce, naɗe cikin jar fata, da ɗan dutsen wasi da bai fi tafin hannu ba. Da su ta yi wa matan wannan yanki hidima har ƙarshen ƙarfinta. Tana yi musu gyaran gashin hammata da na mara, tana koya musu yadda za su yi wa kansu, tana kuma yi musu maganin ƙurajen da aski yake bari.

Ni an kawo ni gidan shekara guda bayan Nasara sun shiga Kano. A lokacin ba a maganar komai sai tasu. Kullum bayan sallar la'asar malamai suna zaure suna muhawara, wannan ya ce alamar tashin duniya ce, wancan ya ce a yi hijira gabas. Muna jiyo su daga cikin gida. Wata rana Iya tana tankaɗe, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In tashin za ta yi, ai gara ta same mu da tsarki." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ina da kamar wata guda a gidan, ran wata Alhamis ta aiko a kira ni. Na same ta a bayan ɗakinta, ta shimfiɗa buzun sallar Malam a ƙasa, ga ƙwaryar ruwan ɗumi da sabulun salo da askar nan. Na durƙusa nesa kaɗan, don na zaci wani laifi na yi. Ba ta dube ni ba. Daga farko har ƙarshe buzun take yi wa magana, ni kuma shi nake kallo. Haka ta raba mu da jin kunyar juna.

Ta shafa gashin buzun da tafin hannu, ya kwanta luf. Ta sake shafa shi ta ɗaya ɓangaren, ya miƙe tsaye. Ta ce, "Kowane gashi yana da kwanci. Kafin aska ta taɓa jiki, hannu ne yake fara zuwa ya tambayi inda gashin ya kwanta. Can ake bi. In aka bi shi ta baya, a ranar zai yi sumul a ji daɗi, bayan kwana uku a yi kuka."

Ta ce gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi har ƙasa da fata, sa'ad da zai fito sai ya rasa ƙofa, ya lanƙwashe ya koma cikin nama, daga nan sai ƙaiƙayi, sai ƙurji, sai baƙin tabo. Don haka ba a aski a busasshiyar fata. Sai an jiƙa wurin da ruwan ɗumi har ya yi laushi, a sa kumfar sabulu. Ba a jan fata har ta ɗame, kuma aska ba ta komawa inda ta riga ta wuce. In an gama a wanke da ruwan sanyi, a shafa man kaɗanya kaɗan, a ɗaura zane sakwa-sakwa a ranar. Bayan kwana biyu ko uku a riƙa cuɗa wurin da soso a hankali lokacin wanka, don a buɗe wa gashin hanya. Ta ce kuma askar da ta taɓa jikin wata ba ta taɓa na wata sai ta shiga tafasasshen ruwa.

Da ta gama ta naɗe buzun, ta ce, "Amarya, malamai sun ce kada a wuce kwana arba'in. Ni dai na ce kada a jira su cika." Daga ranar har ta bar duniya Amarya take kirana, ko bayan na haifi 'ya'ya biyar.

Alhamis ita ce ranar fitarta. Da hantsi za ta yafa mayafi, ta ƙulle askar a gefen zane, ta nufi ƙofa. Malam, Allah ya jiƙansa, yakan ɗago daga kan allon da yake dubawa ya ce, "Ina zuwa?" Ta ce, "Zumunci." Shekara da shekaru tambayar ba ta canja ba, amsar ma haka. Ba ta taɓa dawowa ta ce daga gidan wance take ba. Sai a hankali na gane waɗanda take bi: makafi, da tsofaffin da kafaɗarsu ta sandare, da masu tsohon ciki da ba sa iya sunkuyawa, da masu doguwar jinya. Hammata takan yi musu da hannunta. Abin da ke ƙasan cibiya kuwa ba ta kallo. Takan lulluɓe mace da zane, ta riƙe hannun matar a cikin nata, ta kau da kai, ta riƙa jan hannun tana gaya mata inda za ta bi.

Ba zan ce ba ta da faɗa ba. Iya ba ta jure gaggawa, kuma in ta yi magana ba ta zagaye. Akwai amaryar da ta zo mata da hammata duk ƙuraje, ta ce da busasshiyar aska ta yi saboda sauri. Iya ta yi mata faɗa har yarinyar ta yi kuka, sannan ta zauna ta yi mata magani. Ni ma na sha nawa. Wata rana ina ɗinki na rasa abin yanke zare, na ga askarta a bakin taga na ɗauka na yanke. Sau ɗaya tak. Da ta dawo ta gwada bakin askar a farcenta, ta dube ni, ta shige ɗaki. Kwana uku in na gaishe ta sai ta amsa da "lafiya" kawai, ba ta ƙara komai. A na huɗu ta aiko mini da wata tsohuwar wuƙa, aka ce in ji ta wannan ta zare ce.

Babbar rigimar da na san ta yi a rayuwarta da Malam Babba ne, yayan mijinta, wanda gidansa yake jikin namu, katanga ɗaya ta raba. Mutum ne mai ilimi, har daga Kiyawa ana zuwa ɗaukar karatu wurinsa, kuma ba a saba mayar masa da magana ba. Labarin fitar Alhamis ya kai kunnensa. Wata safiya ya yi sallama ya tsaya a bakin tsakar gidanmu, Iya ta fito ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi. Ina ɗakin girki ina jin komai.

Ya ce, "An ce mini kina bin gidaje da aska. Gidan nan gidan karatu ne, ba gidan wanzamai ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, abin da muka karanta, gashin hammata tsige shi ake yi. Ke kuma an ce aske wa mata kike."

Iya ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ban yi karatu ba. Amma na ga abin da tsiga take yi wa wasu. Akwai fatar da take ɗauka, akwai wadda ba ta ɗauka."

Ya ce, "Da littafi za ki yi jayayya?"

Ta ce, "Wane ni. Littafi yana hannunku. Ni fata ce a hannuna, ita kaɗai na sani."

Sannan ya ce ba shi da iko da inda ƙaninsa ya bar ta ta je, amma gidansa kada ta sake shiga da aska, kuma matan gidansa za su bi abin da yake rubuce. Iya ta ce, "To, Malam." Mijinta yana zaure yana ji, bai ce komai ba, don bai taɓa ɗaga murya a gaban yayansa ba. Ina jin wannan shirun ya fi maganar Malam Babba yi mata ciwo, ko da yake ba ta faɗa ba. Ta kiyaye dokar. In za ta shiga gidansa gaisuwa sai ta kwance askar ta ajiye a ɗaki. Amma dambun da ta saba aika masa duk Juma'a, daga wannan makon ya tsaya.

Aka yi kusan shekara biyu a haka. Sai 'yar Malam Babba ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya ta sami ɗa namiji. Ana cikin wankan jego uwarta ta sa ta tsige hammata kamar yadda uban ya ce. Yarinyar tana da irin gashin nan mai tsananin murɗewa. Wurin ya fara ƙaiƙayi, ya yi ƙuraje, ɗaya ya kumbura. Kunya ta hana ta faɗa, ga haihuwar fari, ga gidan iyaye. Tana ta ɓoyewa har hannun dama ya ƙi ɗaguwa, ta kasa riƙe jariri a wannan nonon. Nonon ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, jariri kuma yana ta kuka ba ya ƙoshi.

Da sassafe uwar yarinyar ta shigo gidanmu ko mayafi ba ta gyara ba, ta ce, "Don Allah ki zo ki duba mana yarinyar nan."

Iya ta ce, "Malam Babba ya sani?"

"Bai sani ba."

"To, je ki gaya masa. Ba zan shiga gidansa a bayan idonsa ba. Ki kuma gaya masa da aska zan zo."

A raina na ce wannan wane irin taurin zuciya ne, ana maganar rai tana maganar tsohuwar rigima. Sai da na juya na ga ta riga ta ɗora ruwa a wuta, ta ciro allura da tsumma mai tsabta da gishiri. Ba a daɗe ba uwar ta dawo ta ce, "Ya ce ki shigo, ki yi abin da kika sani."

Ni na ɗauki tukunyar ruwan na bi ta. Muka sami yarinyar kwance tana rawar sanyi. Iya ta zauna kusa da ita, ba ta yi faɗa ba ko kaɗan, ta ce, "'Yata, ɗaga mini kaɗan in gani. Ba abin da ban taɓa gani ba." Ta riƙa tsoma tsumma a ruwan zafi tana matsewa tana ɗorawa, tana canjawa, har rana ta ɗaga. Da fatar ta yi laushi ta gasa bakin allura a wuta, ta bari ya huce, ta riƙa bin ƙananan ƙurajen ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin kowane akwai gashi a naɗe. Takan sa bakin allurar ta ɗago kansa ya fito waje, ta bar shi nan, ba ta tsigewa. Wani da ta ɗago ya warware ya kai tsawon gaɓar yatsa. Babban kumburin kuwa ta ce ya nuna, ta ɗan tsaga shi da bakin aska, mugunya ta fita. Yarinyar ta ciji zanenta, hawaye yana zuba, amma ba ta yi ƙara ba. Iya ta wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, ta ce kada aska ko yatsa su sake zuwa nan sai fatar ta koma daidai, ko da kwanakin sun yi yawa, don lalura ce.

Kwana uku muna zuwa safe da yamma. A na huɗu muka tarar da ita zaune, jariri a hannun dama yana tsotso.

Sai bayan makonni, wata rana bayan azahar, Malam Babba ya yi sallama ya tsaya a inda ya tsaya wancan karon, da littafi a cikin gafaka a hammatarsa. Iya ta fito ta durƙusa. Ya ce, "Na koma na duba. Malamai sun ce wanda tsiga take cutar da shi, in ya aske ya wadatar. Yana nan a gefen shafi da ƙananan rubutu. Na sha karanta shafin, ban taɓa tsayawa a kansa ba."

Iya ta ce, "Allah ya ƙara wa Malam sani."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Ran Juma'a ta tashe ni da wuri mu yi dambu. Daga baya in matan unguwa suka aiko masa da tambaya a kan wannan babin, yakan ba da amsar littafi, sannan ya ce, "Yadda za a yi kuwa, a tambayi matar ƙanina." Shi ya yi mata sallah ranar da ta rasu, yana dogara sanda, sai da aka riƙe shi.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano mutanenmu suka fara kai gyaɗa birni. Wata shekara mai gidana ya dawo da tsaraba, a ciki har da wani ɗan siririn ƙarfe da ya saya a kantin Turawa, ya ce sunansa reza, ya kawo wa Iya don ya san za ta so ta gani. Ta ɗaga shi a hasken rana, ta jiƙa bayan hannunta ta gwada, ta ce, "Yana da kaifi. A ina ake wasa shi?"

Ya ce, "Ba a wasawa, Iya. In ya dushe sai a yar."

Ta ce, "Babu wadda za ta yar. Za su yi ta kankarar jikinsu da shi har ya yi tsatsa."

Haka kuwa aka yi. Shekarun da suka biyo baya ta yi jinyar mata da yawa da dusasshiyar reza ta yi wa illa. Amma ban taɓa jin ta hana kowa amfani da ita ba. Takan ce a jiƙa, a bi kwanci, in ta fara jan gashi maimakon yankewa a binne ta inda yara ba za su tono ba.

Ciwon ajalinta ya fara da bazara. Tana alwalar azahar ta faɗi a gefen randa, da muka ɗaga ta ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakinta ya ɗan karkace, maganar ta yi nauyi, amma hankalinta yana nan garau. Malam ya riga ya rasu, 'yarta mace ɗaya tilo ita ma ta daɗe da rasuwa wajen haihuwa, jinya ta dawo hannuna. Ni nake ba ta abinci, in juya ta, in wanke mata baya. Sai dai akwai iyakar da ban taɓa ƙetarewa ba. Tun da na shigo gidan ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa cin abinci tana gani ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Haka aka rene mu da surukai. In ana wanka takan karɓi tsumma da hannun hagu ta yi abin da ya kamata ta yi da kanta, ni kuma in juya baya. Amma hannun hagun nan yana karkarwa, ba zai riƙe aska ba.

Da aka yi makonni sai halinta ya canja. Masu zuwa dubiya ta ce a ce musu tana barci. In wani ya shiga sai ta ja mayafi har wuya ta juya bango. Ta fara ture abinci. Mai gidana ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ya sa aka yi mata rubutu. Ni ma haka na zata, har wata safiya ina share ɗakin na ɗaga gefen tabarmarta na ga ƙwallayen dabino a jere. Na tuna kullum da safe takan ce in ba ta dabino ɗaya, ba na ganin inda ƙwallon yake zuwa. Na ƙirga su, talatin da biyar. Na lissafa daga Alhamis ɗin da ta gabaci faɗuwarta, ranar da ta yi wa kanta gyara na ƙarshe, ya zo daidai. Kwanaki take ƙirgawa, saura biyar arba'in ta cika, kuma babu wadda za ta iya buɗe baki ta roƙa.

Na wuni ina juya abin a raina. Na yi tunanin in kira wata tsohuwa daga maƙwabta, sai na ga wadda ta ƙi a gan ta ma, ta yaya za ta yarda a kira mata ta waje. Washegari Alhamis ce. Da hantsi, bayan maza sun fita gona, na ɗora ruwa, na shiga na ɗauko askarta da dutsen, na zauna daidai ƙofar ɗakinta inda za ta ji, na fara wasawa.

Aka ɗan jima, sai na ji muryarta daga ciki. "Amarya."

"Na'am, Iya."

"Wa ya ce ki taɓa mini aska?"

"Babu kowa, Iya."

Har na fara tunanin in mayar. Can ta ce, "Kina danna ta da yawa. Sassauta hannu."

Na gama, na tsoma ta a tafasasshen ruwa, na shiga na saki asabari. Tana kwance fuskarta a bango. Na ajiye ƙwarya na durƙusa a kan tabarmarta. Ta ce, da nauyin harshen nan nata, "Kin san ba a yi wa mamaci aski. Yadda ya tafi haka ake lulluɓe shi."

Na ce, "Na sani, Iya."

Ta ce, "Ba na son masu wanka su zo su tarar..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ɗaga hannun da ya shanye, ya yi nauyi kamar ba nata ba, na ɗora shi a kafaɗata. Na jiƙa wurin na sa sabulu, na shafa na nemi kwanci, na fara. Wannan ɓangaren ya tafi lafiya. Da na koma na hagu, inda take ji, sai askar ta zame mini. Na ji ta ɗan zabura, na duba na ga jini ya tsatso. Ƙaramin yanka ne, amma sai na ajiye askar kuka ya ƙwace mini.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Danna wurin da tsumma. Zai tsaya." Na danna. Ta ce, "Ina 'yar shekara goma sha biyar uwata ta yi irin wannan kwanciyar. Ubanmu ya riga ya rasu, zabirarsa tana rataye, yayyena duk maza. Ba wanda ya lura sai ni. Na saci aska a zabirar na shiga wurinta. Ban taɓa riƙe aska ba sai ranar." Ta numfasa. "A wuri uku na yanke ta. Ke ɗaya kika yi. Ɗauki ki ƙarasa, ruwan yana hucewa."

Na ɗauka na ƙarasa. Sauran kuma na lulluɓe ta da zane, na sa askar a hannunta na hagu, na riƙe hannun a cikin nawa ya daina karkarwa, na kau da kai. Ita take cewa nan, ita take cewa tsaya. Da muka gama na wanke ta, na shafa mata man kaɗanya, na ɗaura mata wankakken zane.

Ta ce in tayar da ita zaune, in dama mata fura. Ta sha ludayi huɗu ko biyar, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba, sannan ta turo ƙwaryar gabana ta ce, "Sha." Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Amarya, sha." Na ɗauki ludayin na sha tana kallona.

Da la'asar ta ce a ɗage asabari, duk wadda ta zo a bar ta ta shigo. Kwana goma sha uku ta ƙara a duniya, kuma a cikinsu ɗakin bai rabu da mutane ba. Tana zaune an jingina ta da bango, tana tambayar kowacce 'ya'yanta da gonarta, tana yi wa masu ciki faɗa su daina ɗaukar tulu. Ranar Larabar nan ta yi sallar asuba a zaune, ta ci dabinonta, ta miƙo mini ƙwallon ta ce in zubar. Da hantsi na shiga da kunu na tarar ta cika.

Tsofaffi biyu ne suka yi mata wanka, ni nake zuba musu ruwa. Da suka ɗaga hannunta na hagu na saci kallon wurin da na yanka. Ya warke, ko tabo bai bari ba.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka a tsarkake kamar yadda ta yi fata. Ka yalwata mata makwancinta, ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka haɗa ta da mahaifiyarta a gidan rahama. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa akwai mai lura da mu a kusa.